Boka Ya Sake Riga: Nasiha Ga Jama'ar Masallacinmu



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya keɓanta da sanin gaibu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa da muke haɗa sahu da ku a nan Banifandu, da ku iyaye mata da ƴan'uwa mata da kuke bin wannan zaure daga cikin gidajenku, saƙon yau yana da tsawo. Ku yi haƙuri ku karanta shi har ƙarshe, kuma wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da ba su iya karatu ba, ya karanta musu.

Iyayenmu sun san boka. Yana zaune a bayan gari da ƙwaryarsa da wurinsa da jan zakaransa. Mai zuwa gare shi da dare yake zuwa, yana waiwaye, yana rufe fuska. Waccan kunyar rahama ce, domin tana nuna cewa zuciya ta san ta fita daga hanya, kuma wanda ya san ya yi laifi yana kusa da tuba. Bokan yau ya shigo tsakiyar Yamai. Ya naɗa rawani, ya riƙe carbi, yana buɗe zancensa da sunan Allah, yana da shafi a TikTok da Facebook, lambar wayarsa tana gudana a ƙasan hoto. Wani kuma ba ya ambaton aljani ko kaɗan: ya sa kwat, yana Faransanci, yana kiran kansa koci, yana zancen enerji da taurari. Masu zuwa gare su da rana tsaka suke zuwa, har su kira maƙwabta su raka su, suna zaton ibada suke yi ko ilmi suke nema. Wannan ya fi na jiya haɗari, domin mai zaton yana kan daidai ba ya neman tuba.

Ga ma'aunin da za ku riƙe. Sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai. Aya ta 65 a Suratun Namli ta kore shi daga duk wanda yake sammai da ƙasa. A aya ta 188 ta Suratul A'arafi an umurci mafi darajar halitta ya shaida wa mutane cewa shi kansa bai mallaki amfani ko cuta ga kansa ba, kuma bai san gaibu ba. Idan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai san abin da gobe za ta zo da shi ba sai abin da aka yi masa wahayinsa, daga ina mai ɗakin haya a bayan kasuwa ya samo nasa sanin?

Za su ce maka aljannu ne suke ba su labari. To karanta aya ta 14 a Suratu Saba'i. Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljannu suna gabansa suna ta aikin wahala, ba su san ya rasu ba har sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Halittar da ta kasa gane mutuwar wanda take kallo da idonta, ita ce za ta san wanda ƴarka za ta aura? Suratul Jinni kuma, a aya ta 6, ta ba da labarin mutanen da suke neman tsari a wurin aljannu, abin bai ƙara musu kome ba sai wahala da zunubi.

Na san abin da wani zai ce: ai ya faɗa mini abin da ya same ni, kuma haka yake. An yi wa Annabi irin wannan tambaya, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita. Ya bayyana cewa kalma ɗaya ta gaskiya ce aljani yake fizgowa ya jefa a kunnen boka, shi kuma ya gauraya ta da ƙarya ɗari. Mutane su riƙe ɗayar, su manta da ɗarin. A zamaninmu ma da yawansu ba su da bukatar aljanin. Yaron da yake zaune a zaure yana hira da masu jiran layi shi ne yake kai rahoto ciki. Shafinki na Facebook ya riga ya faɗa masa an yi miki kishiya. Sauran kuwa magana ce da ta dace da kowa: akwai mai baƙin ciki da ke a dangi, ka yi asara kwanan baya, kana yawan mafarkin ruwa. Wane ne a Yamai bai yi asara ba kwanan baya?

Hukuncin zuwa wurinsu a fili yake. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har dare 40. A wani hadisin da Imamu Ahmad ya fitar daga Abu Huraira, wanda ya je ya kuma gaskata shi ya kafirce wa abin da aka saukar wa Annabi Muhammadu. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an haramta ladan da ake bai wa boka. Ka duba, ɗan'uwa: ka biya da kuɗin guminka, ka sayo ɓatar ladan salla 200.

Yaya za ka gane boka idan ya shigo da rigar malam? Ga alamominsa.

Ta farko, yana tambayar sunan mahaifiyarka kafin ya yi maka aiki, yana lissafa haruffan sunan, yana buga ƙasa ko yana jan carbi don ya gano abin da ya ɓoye.

Ta biyu, yana neman wani abu na jikin mutum: gashi, farce, tsumman riga, ƙasar sawu.

Ta uku, yana umurni da yanka dabba mai wani launi, a binne jinin, ko a jefa naman a kogi ko a mararraba. Yanka ibada ce, kuma Muslim ya ruwaito daga Aliyu ɗan Abu Ɗalib cewa an la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Kiransa sadaka ba ya canza shi. Sadaka miskini ake bai wa ya ci.

Ta huɗu, yana rubuta hatimi mai gidaje da lambobi da sunayen da shi kansa ba zai iya fassara maka su ba, ya ce kada ka buɗe.

Ta biyar, yana faɗa maka wanda ya yi maka sammu: kishiya, uwar miji, abokin kasuwa, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku.

Ta shida, yana keɓewa da matar da ba muharramarsa ba, ko ya ce sai ya shafa mata magani da hannunsa, ko ya yi mata wanka.

Ta bakwai, yana hana zuwa asibiti, yana cewa wannan ba ciwon likita ba ne.

Ta takwas, yana yanke alkawari: cikin kwana 7 mijin zai dawo, bizar za ta fito, jarrabawar za a ci. Mai roƙon Allah ba ya yanka wa Allah wa'adi.

Wanda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a wurinsa, ka ɗauki takalmanka ka fita, ko da ya haddace izu 60.

Kada wani ya juya maganata ya ce liman ya yi wa malaman zaure kuɗin goro, ko ya haramta tofi. Malaman allo su ne suka koya mana baƙi da wasali, suna da haƙƙi a wuyanmu har mu koma ga Allah. Ruƙya kuwa sunna ce. Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik cewa Annabi ya nemi sahabbai su nuna masa irin tofin da suke yi, ya halatta wanda babu shirka a cikinsa. Abu Sa'idil Khudri ya ba da labarin shugaban wata ƙabila da aka harba, aka tofa masa Fatiha ya warke, aka ba sahabbai tumaki, Annabi bai hana su ba. Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari sharuɗɗa uku da malamai suka haɗu a kansu: ta kasance da maganar Allah ko sunayensa da siffofinsa, da harshen da ake gane ma'anarsa, kuma a ƙudurta cewa ba ta aiki da kanta sai da ikon Allah. Layar da Alƙur'ani ne zalla a cikinta malamai sun yi saɓani a kanta tun zamanin magabata. Ibnu Abi Zaid ya sauƙaƙa a Risala, wasu sun hana don toshe ƙofa. Wannan saɓani ne na malamai, ba mu raba sahu a kansa. Haka mai sayar da sassaƙe da saiwa, wanda ya san amfanin sabara da zogale, bai yi da'awar gaibu ba, mai magani ne. Faɗanmu da wanda ya laƙaba aya a bakin ƙofa ne, ya ajiye tsafi a ƙuryar ɗaki.

Yanzu ga ɗaya rigar, wadda ta fi kama ƴaƴanmu ƴan lakwal da ma'aikata.

Yarinya ta yi sallar asuba, ta ɗauki salula ta duba abin da burjinta ya ce game da yinin. Ta ce wasa ne. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Zaidu ɗan Khalid cewa a Hudaibiyya, bayan an yi ruwa da dare, Annabi ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mai imani, wanda ya jingina shi ga tauraro ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Annabi ya hau mumbari ya gyara musu, alhali yana cikin baƙin cikin rashin ɗa. Risalar da muke karantawa a zaurukanmu ba ta bar mana duban taurari ba sai don gane alƙibla da sassan dare. Ko ta fuskar hankali ma abin ba ya tsayuwa. An tsara waɗannan buruji 12 ne fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma masana falaki sun tabbatar cewa tun daga lokacin lissafin ya goce da kusan burji guda. Wanda ake ce wa an haife shi a burjin Zaki, sau da yawa rana tana cikin taurarin Ƙaguwa ne ranar haihuwarsa. Ko tauraron da kake dogara da shi ma ba naka ba ne.

Sai abin da suke kira dokar janyowa. Wata mata ƴar Ostareliya mai suna Rhonda Byrne ta yaɗa ta a littafinta The Secret a 2006, aka fassara shi zuwa Faransanci da wasu harsuna, yanzu kocin-kocin intanet suna sayar mana da gutsattsarinsa. Koyarwar ita ce: ka ƙudurta abin da kake so, ka aika wa sararin duniya, duniya za ta amsa maka. Ɗan'uwa, wannan addu'a ce aka cire sunan Wanda ake roƙo, aka sa halittarsa a gurbinsa. Sararin duniya ba ya ji, ba ya gani, ba ya amsawa. Kuma ka dubi rashin tausayin da ke ƙarƙashinta. Idan tunaninka ne yake janyo duk abin da ya same ka, to mutanen da kogi ya cinye gidajensu a Yamai a daminar 2020, da waɗanda ambaliyar 2024 ta raba da gonakinsu a faɗin ƙasar nan, su suka janyo wa kansu? Annabi Ayuba mugun tunani ne ya kwantar da shi? Musulunci ya koya mana kyautata zato ga Allah, da yin aiki, da haƙuri da abin da ya hukunta. A cikinsa talaka mai haƙuri yana da daraja. A wancan addinin na koci, talaka mai laifi ne.

Haka zancen duwatsu masu enerji da zobban sa'a da lambobin da ake cewa saƙon mala'iku ne idan agogo ya nuna 11:11. Umar ɗan Haɗɗabi ya tsaya gaban Baƙin Dutse a Ka'aba ya shaida cewa dutse ne wanda ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, kuma don ya ga Annabi ya sumbace shi ne kawai shi ma yake yi. Idan wannan ne matsayin Hajarul Aswadi, me za a ce da tsakuwar da aka aiko maka a kwali? Motsa jiki kuwa alheri ne, ku yi shi. Amma idan mai koyarwa ya ce a fuskanci rana a gaishe ta, ko a maimaita wata kalmar da asalinta kiran abin bautar Hindu ne, ka tuna cewa aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata. Ka ɗauki motsin, ka bar musu ibadarsu.

Wani zai ce niyyarsa mai kyau ce. A kan hanyar Hunaini, a shekara ta 8 bayan hijira, wasu sababbin shiga Musulunci suka ga magaryar da mushrikai suke rataya makamansu a kanta don neman albarka, suka roƙi Annabi ya sanya musu irinta. Tirmizi ya ruwaito cewa ya kamanta roƙonsu da na Bani Isra'ila lokacin da suka nemi Annabi Musa ya yi musu abin bauta. Waɗannan mutane jihadi suka fito tare da Manzon Allah, niyyarsu nasara ce, amma kyawun niyya bai halatta musu hanyar ba.

Wani kuma zai ce wannan wa'azin baƙo ne, ko na wata ƙungiya ne. A'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umar na Agadas, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. A Nurul Albabi ya yi magana a kan masu faɗin kalmar shahada suna kuma yanka ga itatuwa da duwatsu, da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da taurari. Ƴarsa Nana Asma'u ta tsara jajis da ƴan taru, suna shiga ƙauyuka suna koya wa mata addini don su rabu da bori. Wannan gadon kakanninmu ne. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala duk a ƙarƙashin kalmar tauhidi ɗaya suke.

Wannan annoba ba mu kaɗai ta shafa ba. Maƙwabtanmu Kiristoci suna fama da irinta a majami'unsu, har fadar Paparoma ta fitar da takarda a 2003 tana gargaɗin mabiyanta game da wannan sabuwar ruhaniya. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, a shekarar 2000, mutane fiye da 700 suka hallaka a hannun shugabannin wata ƙungiya da suka yi da'awar sanin ranar tashin duniya. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawa fiye da 400, da yawa yara ne, bayan wani mai wa'azi ya umurci mabiyansa su ƙaurace wa abinci. Kada mu yi musu dariya. A Kano, cikin Disamba 1980, fitinar Maitatsine ta ci rayuka fiye da 4,000, kuma da Alƙur'ani a hannu ya fara. Mafarinsu duka ɗaya ne: mutum ya ce yana da wata hanya ta sirri zuwa ga gaibu, mabiya suka daina tambayarsa dalili.

A unguwarmu ba a kai ga kabarin jama'a ba, amma ana binne mutane ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya yi zazzaɓi da damina, ya fara shiɗewa, a ce iska ce, a yi kwana biyu ana turare, alhali zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana iya kisa cikin ɗan lokaci kaɗan. Mai ciwon suga ya bar allurarsa don an ba shi ruwa a jarka. Mai farfaɗiya a ɗaure shi a doke shi da sunan fitar da aljani. Wata mata mai farfaɗiya ta zo wurin Annabi, kamar yadda Ibnu Abbas ya ruwaito, bai ce mata wance ce ta yi miki ba, bai sa an doke ta ba. Ya ba ta zaɓi tsakanin ya yi mata addu'ar waraka da ta yi haƙuri ta sami Aljanna. Shi ne kuma ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai ya saukar da maganinta. Ga kuma zumuncin da ake yankewa. Tsohuwa ta raini jikokinta, boka ya ce mayya ce, a daina cin abincinta, ta mutu da baƙin ciki. Wa zai amsa wannan ranar ƙiyama? Wanda ya faɗa da wanda ya gaskata.

Ku kuma magidanta, kada ku ce wannan wa'azin mata ne. Mace da yawa ba ta sayar da kayan ɗakinta ta kai wa boka jika 50 ba sai da ta rasa adalci a gidanta. Ka hana ta haƙƙinta, ka fifita kishiyarta, ka yi mata barazanar saki safe da yamma, sannan ka yi mamakin layar da ka gani ƙarƙashin katifa. Laifinta yana kanta, amma kai ka nuna mata hanyar. Kuma ɗan kasuwar da yake binne ƙaho a bakin shago, da ɗan siyasar da yake kai baƙin sa, da ma'aikacin da yake neman a ɗaure bakin shugabansa, duk maza ne.

Abin da nake nema gare ku shi ne wannan. Wanda ya taɓa zuwa, ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa, ba sai ya tona wa kansa asiri ba, kuma ya ci gaba da sallarsa. Wanda yake da laya ko guru da bai san abin da ke ciki ba, ya buɗe ya nuna wa malamin da ya amince da iliminsa. Ku riƙi azkar na safe da maraice, da Ayatul Kursiyyu, da ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya. Ku tofa wa ƴaƴanku da bakinku, domin babu malamin da ya kai uwa son ɗanta ya warke. Istihara raka'a biyu ce da addu'a, mai bukata shi yake yin abinsa. Wanda ya karɓi kuɗinka ya kwana ya ce ya gano maka amsa, duba ya yi maka da wani suna. Mara lafiya a kai shi likita da wuri, a haɗa da addu'a. Ku daina tura bidiyon masu tallan asiri a zaurukan dangi, ko da don dariya ne, domin kuna kai musu kasuwa. Kada kuma wani ya ɗauki doka a hannunsa: ba duka, ba ƙona ɗaki, ba zagi a titi. Wanda aka damfara ko aka ci mutuncin iyalinsa ya kai ƙara ga hukuma. Mai tambaya ya same mu a masallaci tsakanin Magariba da Isha'i, mata kuma su aiko ta hannun muharramansu ko malamar makarantarsu. Ba a biyan ko dala.

Ya Allah, muna neman tsarinka daga mu yi maka tarayya muna sane, muna neman gafararka ga abin da ba mu sani ba. Ka shiryi waɗanda suka ɓace daga cikinmu, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, ka sa mu cika da kalmar shahada.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.